Mun yi hawaye a lokeshan, masu kallo ko a jikinsu: me ya ɓace?

Wani matashi daga Mabera a cikin garin Sakkwato ya turo mini gajeren fim ɗin da suka ɗauka da waya shi da abokansa, ya haɗo da tambaya: "Malam, akwai fitowar da ɗan fari ke sallama da mahaifiyarsa zai tafi ci-rani kudu. Ranar da munka ɗauke ta, har mai riƙe makirfo sai da ya share hawaye. Amma da na haɗa na nuna wa mutane, wasu na ta danna waya, wani ma tambayata ya yi ko akwai waƙa a gaba. 'Yan wasan sun yi ƙoƙari. To mi yaf faru?"

Ƙanena, sannu da ƙoƙari. Na kalli fitowar sau uku, biyu da sauti, na ukun na kashe sautin ɗungurungum, kuma a nan na ga inda gizo ke saƙar. Da babu murya, ban iya gane ko yaron nan tafiyar watanni zai yi ko kuɗin cefane ya zo karɓa ba. Mutum biyu ne a tsakar gida, ɗaya tsaye ɗaya zaune, bakuna na motsi. Ka ɗora duk nauyin a kan magana, hoton ya zama ɗan rakiya.

Hawayen da kuka zubar ba na ƙarya ba ne, sai dai ba kyamara ce ta jawo su ba. Kun san labarin daga farko har ƙarshe, kun san abin da zai sami yaron a kudu, kuna tsaye taku uku daga matar, idon kowa na zuwa inda ya ga dama. Wani ya ga leɓenta na rawa, wani ya ga yadda ta damƙe bakin zane. Mai kallo a waya ba shi da wannan gatan. Abin da ka sa masa cikin 'yar tagar nan shi kaɗai ya mallaka, a jeren da ka jera, na tsawon lokacin da ka bar masa. Idonsa a hannunka yake, kai kuma ka sake shi yana yawo.

Kafin mu zo kan kyamara, akwai abin da ya tsaya mini a rai. Uwar ta kira sunan yaron sau biyar, ta ce za ta yi kewarsa, tana kuka da majina. Ɗan fari fa ka ce, kuma dattijuwa ce a gidan ƙasa. Ni ma ɗan fari ne. Ranar da zan tafi karatu Zariya, Innarmu ko ƙofar zaure ba ta taka ba. Tana damun fura na durƙusa na ce zan tafi, ta ce, "To, Allah shi tsare," ba ta ɗago kai ba. Sai da na sauka na kwance jaka na tarar da ƙullin ƙuli-ƙuli da yaji a ƙarƙashin tufafi, da 'yan kuɗi ɗaure cikin tsumma. Na san iyayen yanzu da yawa sun sassauta wannan kunya, amma wanda ya tashi a irin gidan da ka nuna, yana ganin uwarka zuciyarsa za ta ce masa wannan uwar fim ce. Daga nan ka rasa shi, ko da kyamarar miliyan nawa ka ɗauka.

Kuma ka lura, wannan kunyar kyauta ce ga mai yin fim. Tunda al'ada ta kulle bakin matar, dole hoto ya yi magana a madadinta. Hausawa sun ce labarin zuciya a tambayi fuska. Ita wannan har fuskar ta tsare, sai dai a tambayi hannu.

Ba kai kaɗai ke da wannan ɗabi'a ta faɗin komai da baki ba, gado ce. Fim ɗin Hausa na bidiyo daga ƙungiyoyin wasan kwaikwayo ya fito. Turmin Danya da ya fita a Kano a 1990 aikin ƙungiyar Tumbin Giwa ne. A dandamali ɗan kallo na zaune wuri guda, can nesa, ba ya ganin ƙiftawar ido, don haka sai an furta masa. A wasan rediyo kuwa ko gani babu. Da kyamara ta shigo sai aka dasa ta inda ɗan kallo ke zama, aka ci gaba da zance. Aka ɗora da abin da muka sha a finafinan Indiya, inda kiɗa ke sanar da kai cewa lokacin kuka ya yi. Ban raina ko ɗaya ba, a kansu muka koya. Amma fitowarka ba su take buƙata ba.

Fara da inda ka ajiye wayar. A tsaye ka ɗauka, waya daidai ƙirjinka, tana leƙen matar daga sama. Wanda duk ka kalla daga sama ka ƙanƙantar da shi, kuma wa ke kallon uwa daga sama a gidajenmu? In ka zo gabanta tsugunawa kake yi. Akwai darakta ɗan Japan, Yasujiro Ozu, wanda ya yi Tokyo Story a 1953. Mutanensa ma a ƙasa suke zama kan tabarmarsu ta gargajiya, sai ya riƙa sauko da kyamara kusa da ƙasa, wajen tsayin mutumin da ke zaune, kuma da wuya ya motsa ta. Mai kallo sai ya ji kamar an shimfiɗa masa ne a ɗakin. Kai ma kifa turmi ko ka ɗora bulo biyu, ka jingina wayar daidai idon Inna. Ka ga abin da zai faru: in yaron ya shigo a tsaye, kansa ba zai shiga hoton ba, ƙafafunsa da jakar buhu kawai za mu gani. Ba zai samu shiga duniyar uwarsa ba sai ya durƙusa. Ladabin ya fito ke nan ba tare da wani ya ambace shi ba.

Hoton kusa kuwa kamar kuɗin aljihu ne, in ka kashe shi tun da safe, da rana ta take ba ka da na fura. Ka ba kowane layin magana hoton kusa, don haka da aka zo ƙololuwar fitowar babu sauran abin da za ka ƙara. Ban ce ka tsaya nesa ba, domin a fuskar waya kan mutumin da ke can ƙarshen tsakar gida bai fi ƙwayar gero ba. Ka zauna a matsakaici, daga gwiwa zuwa kai, ka ajiye hoton kusa ɗaya ko biyu don lokacin da ya cancanta. In za ka yi shi kada ka tura wayar cikin fuskar mutum. Babban idon kyamarar waya mai faɗi ne, yana kumbura hanci ya janye kunnuwa baya. Ja da baya ka danna 2x.

Yanzu ga abin da na fi so ka riƙe. Kimanin shekara ɗari da suka wuce, wani malamin fim a Rasha, Lef Kuleshof, ya yi wani gwaji da ɗalibinsa Fudofkin ya ba da labarinsa. Ya ɗauki hoton fuskar wani fitaccen ɗan wasa, fuskar ba yabo ba fallasa. Ya liƙa ta da kwanon miya, ya sake liƙa ta da gawar mace a cikin akwati, ya kuma liƙa ta da yarinya tana wasa da 'yar tsana. Masu kallo suka yi ta yaba gwanintar mutumin: dubi tunaninsa kan miyar, dubi baƙin cikinsa kan gawar, dubi murmushinsa ga yarinyar. Alhali fuskar ɗaya ce, ba ta canza ba. Su ne suka zuba mata ma'anar daga hoton da ke kusa da ita.

Ka kawo wannan tsakar gidanku. A farkon fim ɗin na ga jar akuya ɗaure a turke bayan matar, irin tamu ta Sakkwato. Ban sani ba ko da gangan ka sa ta ko ta masu gidan ce, amma ita ce dukiyar da ka taka ka wuce. Nuna ta tun farko, Inna na zuba mata dusa. Ranar tafiya, yaron na durƙushe, ya ɗan juya ido gefe. Yanka. Wato hoton ya sauya: turke ne, igiya kwance a ƙasa, babu akuya. Yanka. Fuskar Inna, ba ta nuna komai, tana damu. Ba ka buƙatar jarumar ta yi wani wasa. Kowane Basakkwace zai haɗa lissafin da kansa: an kai akuyar kasuwar Kara, kuɗin motar yaron ke nan. Kuma saboda shi ya gano, ba gaya masa aka yi ba, abin zai zauna masa a ƙirji. Da ka sa ta ce "na sayar da akuyata saboda kai," da ta zama mai gori, da kuma mai kallo ya ji an raina hankalinsa.

Daga nan akwai zaɓin da zai sauya ɗanɗanon fitowar baki ɗaya, wato wa ya fara sani. Darakta Alfared Hichkok ya ba takwaransa Faransuwa Turufo misali a hirar da suka yi a 1962. Mutum biyu na hira a kan teburi, ba zato bam ya tashi: masu kallo sun firgita na daƙiƙa goma sha biyar. Amma in ka nuna musu bam ɗin a ƙarƙashin teburin tun farko, ka nuna agogo, hirar banzan nan za ta riƙe su minti goma sha biyar suna ji kamar su yi wa mutanen ihu. A naka, in muka gano turken tare da yaron, tausayinmu na wurinsa, shi abin ya daka. In kuwa ka nuna mana tun jiya da yamma an ja akuyar an fita da ita, Inna ta ƙulle kuɗin ta tura ƙasan jaka, yaron bai sani ba har ya fice, to muna tare da ita ne, muna riƙe da sirrinta, kuma kowace kalmar da ya faɗa cikin rashin sani za ta yi mana ciwo. Duka biyun daidai ne. Ni da nawa ne na biyun zan ɗauka, domin fitowar ta uwar ce. Abin da ba ya yiwuwa shi ne ka ƙi zaɓa.

Sai tacewa, wato yanka hotuna da jera su. Na lura duk wanda ya buɗe baki shi kake yankawa ka nuna, kamar ana buga ƙwallon teburi. Sabon edita haka yake yi, ni ma shekaru na yi ina yi lokacin da nake haɗa bidiyon biki da 'yan shirye-shiryen talabijin. Amma magana ba a bakin mai faɗa take sauka ba, a fuskar mai ji take sauka. Lokacin da yaron ke cewa "Inna, ni zan tahi," muryarsa ta ishe mu, ita muke son gani. Lokacin da take cewa "Allah shi tsare," shi za ka nuna, kansa a sunkuye yana jiran ƙarin kalmar da ba za ta zo ba. Walta Mach, wanda ya tace manyan finafinan Amurka irin su The English Patient, ya jera abubuwa shida da edita ke aunawa kafin ya yanka, ya ba motsin zuciya kashi 51 cikin ɗari, labari kashi 23, sauran huɗun suka raba abin da ya rage. Ya kuma lura cewa mutum kan ƙifta ido ne idan wani tunani ya kammala a ransa, kuma wurin yanka mai kyau na kusa da nan. Gwada ka gani. A tsarin talabijin ɗinmu hoto 25 ke wucewa a daƙiƙa guda. Ƙara goma a kan fuskar Inna bayan ta gama magana, bai kai rabin daƙiƙa ba, amma shi ne bambancin uwar da ta sallami ɗanta da uwar da ta haɗiye wata magana.

Akwai wuri ɗaya, wajen minti na biyu, da ka zagaya ka ɗauka daga ɗaya ɓangaren, sai ga su duka suna kallon dama kamar ba juna suke fuskanta ba. Ja layi a ranka daga ita zuwa shi, ka tsaya gefe guda na layin har a gama.

Sauti shi ne inda ka fi yi wa kanka ɓarna. Kiɗan fiyano ya fara tun daƙiƙar farko, kafin mu san su wane ne, bai tsaya ba har ƙarshe. Wannan kamar mai ba da labarin ban dariya ne da ya fara ƙyaƙyatawa tun bai faɗi komai ba. Abin da kunne ya ji ba yankewa, bayan ɗan lokaci daina jin sa yake yi, kamar ƙarar janareton maƙwabta. Cire shi duka ka saurari abin da gidan ke da shi. Akwai ludayi na goga cikin ƙwarya. Akwai kurciya a kan katanga. Akwai ɗan kabu-kabu a ƙofar gida, inji a kunne, yana jira. Ba sai mun gan shi ba, ƙararsa kaɗai agogo ce, tana ce mana lokaci na ƙurewa. Abin da ba a gani ba sau da yawa ya fi aiki. A fim ɗin Jaws na 1975 kifin robar da aka ƙera a matsayin mai cin mutane ya yi ta lalacewa a ruwan teku, sai darakta Sifilbag ya rage nuna shi, sautuka biyu na kiɗan Jon Wiliyams suka riƙa sanar da zuwansa, mutane suka fi tsorata da abin da ke ƙarƙashin ruwa ba su gani ba.

To ga yadda nake jin ƙarshen taka fitowar. Yaron ya tashi, kansa ya sake ficewa daga hoton, ƙafafu da jaka suka wuce. Kyamara ba ta bi shi ba, ta zauna da Inna. Ludayi na tafiya, ƙur, ƙur, ƙur. Muka ji ƙofar zaure ta langa-langa. Muka ji babur ya ja, ƙararsa na raguwa har ta ɓace cikin unguwa. Sai ludayin ya tsaya. A nan ne za ka kashe hoton kusan da ka yi ta tattali, kuma a kan hannu, ba fuska ba: yatsu riƙe da ludayi, nono na ɗiga daga bakinsa. Ƙirga biyar a ranka, kada ka ji tsoron tsawon. Sannan hannun ya ci gaba da damu. Tsayawar nan ita ce kukanta, kuma ba za ta yi aiki ba sai ka saba wa kunnenmu da ƙarar ludayin tun farkon fitowar. Shiru ba ya jiyuwa sai an san abin da ya ɗauke.

Wani abin sana'a: kafin ku naɗe kaya, sa kowa ya yi tsit ka ɗauki sautin tsakar gidan na minti guda. Da shi za ka cike giɓi a tacewa. In ka bar wurin fayau babu sauti ko kaɗan, mai kallo zai zaci wayarsa ce ta sami matsala. In kuma zuciyarka ta ƙi haƙura da kiɗa, bari sai hannun ya koma damu, ka shigo da abu ɗaya tilo, gurmi ko sarewa, a hankali.

Haske ba zan ja shi ba. Da tsakar rana kuka ɗauka, ranar Sakkwato kuma ba ta da tausayi: ta zo daga tsakar ka, ta haƙa ramuka biyu baƙaƙe inda idanu suke, ga farar rigar yaron ta ruɗi wayar ta duhunta fuskoki. Koma bayan la'asar sakaliya, ko ka zaunar da ita a inuwar bakin ɗaki, wani ya riƙe farin kwali daga gefe ya maido mata haske. Sauya masa rigar zuwa mai ɗan duhu, ka danna fuskar a allon wayar ka kulle hasken a kanta. In za ku iya jira har hunturu, hazo na tausasa rana kyauta, abin da wasu ke kashe kuɗi su yi da yadi da ƙarafa.

Yamma ɗaya ta ishe ku sake ɗaukar wannan, ba sai kun ƙara ko sisi ba in ban da furar da za a dama sau biyar ko shida (ku sayi nono da yawa, na taɓa tsayar da aiki awa guda ana neman mai nono). Ka haɗa iri biyu, ɗaya mun san zancen akuyar tun farko, ɗaya sai a wurin turke. Kada ka nuna wa abokan da suka je lokeshan, sun riga sun san komai. Kai wa wata gwaggonka da ba ta san labarin ba, ka miƙa mata wayar ba tare da bayani ba, ka koma gefe. Kai ba allon za ka kalla ba, ita za ka kalla, musamman a daƙiƙoƙin da ludayin ya tsaya. Ka turo mini duka biyun, da abin da ta ce, ko abin da ta yi in ba ta ce komai ba.